Hoton Baba Dallatu da Ramin da Ya Ƙi Tsufa

Ranar Talatar nan da ta wuce, jama'a, layin mai ya sake karantar da ni darasin da na riga na haddace. Ana idar da sallar asuba na tura babur ɗina daga ƙauyenmu zuwa wani gidan mai da ke kan hanyar Zakirai, na bi bayan jama'a muna matsawa kamar masu rakiyar gawa. Hantsi ya ɗaga, na kusa kaiwa gaba, sai mai zuba man ya rataye bututunsa ya ce inji ya gaji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, inji ne ya gaji ko man ne ya ƙare?"

Ya ce in zaɓi wanda ya fi kwanta min a rai.

Muna tsaye sai ga wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta shigo ta ƙofar fita. Nan take inji ya samu lafiya, ya shayar da ita har ta yi gyatsa, sannan ya koma jinya. Ban yi fushi ba. Manya su ne ke ɗauke da nauyinmu, kuma mai ɗauke da jama'a dole ya fi jama'a shan mai. Na tsallaka wurin 'yan bumburutu na sayi abin da ya sawwaƙa, wanda launinsa ya fi kama da kunun tsamiya, na koma na ɗauko Baba Dallatu.

Baba Dallatu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, gonarsa kuma tana goga kafaɗa da tawa. Ya haura saba'in, yanar ido ta cinye masa na hagu, tana kuma zawarcin na dama. Yana da wani tsohon hoto baƙi da fari da yake ajiyewa cikin adaka, gara ta ɗanɗana gefensa ɗaya. A cikin hoton wani maɗinki ne zaune a kan dakali da kekensa, a ƙofar wani soron ƙasa mai zankaye, yaro a tsaye kusa da shi da 'yar shara. A bayansu akwai ƙatuwar bishiyar rimi. Daga dama kuma ana ganin bakin wani rami da ginshiƙan siminti biyu, rodi ya leƙo daga kansu. Baba ya ce maɗinkin mahaifinsa ne, Malam Abba, yaron kuma shi ne. A birnin Kano aka haife shi, da mahaifin ya rasu yana ɗan ƙarami aka dawo da su ƙauye wurin dangin uwa, bai ƙara taka unguwar ba, sunanta ma ya sulale masa.

Matsalar ita ce Malam Sha'aban, abokin wasansa, wanda tun suna samari yake cewa a kasuwa Baba ya sayi hoton. Ko a majalisa aka kawo shayi sai ya ce, "A fara ba ɗan birni, kada ya ce mu ƙauyawa ba mu san baƙo ba." Har jikokin Baba sun ɗauka. A da Baba dariya yake yi. Amma tun da idon ya fara tafiya, dariyar ta ragu. Wata rana da yamma muna duba gero, ya ce da ni, "Basiru, ina so in ga ƙofar gidan nan kafin a rufe min tagar da ta rage."

Ana cikin haka sai muka ji sanarwa a rediyo. Wai an kafa Kwamitin Tattara Jiya da Shekaranjiya, ƙarƙashin Mai Girma Garkuwan Tarihi, Inuwar Marayun Hotuna, kuma duk mai tsohon hoton birni ya kawo, masana za su dube shi su faɗa masa ko wace unguwa ce. Uwargidana Maijidda ta ce, "In ka ji ana kiran talaka ya zo a yi masa abu, to ka tafi da tabarmarka." Na ce mata mai nema yana tare da samu. Ta ce haka ne, amma ba a faɗi yaushe ba.

To, shi ne dalilin layin man.

Ofishin kwamitin, in faɗi gaskiya, ya burge ni. Bene ne sabo fil, fentin ma bai gama bushewa ba. Janareta na ruri a waje, na'urar sanyaya ɗaki na hura iska a kan kujerun da babu kowa a kansu. Ban taɓa ganin kujerun da ake ji da su haka ba. Mutum ɗaya muka tarar, wani matashi mai fara'a, Malam Abdulganiyu, ya tashi ya ba Baba wuri.

Na ce, "Malam, wurin masana muka zo."

Ya ce, "Ai kun yi saɓani. Masana sun tafi ƙasar waje ƙaro ilimi."

"Ilimin me?"

"Za su ga yadda can suke duba tsofaffin hotunansu."

Baba ya ce, "To su can ɗin sun san lungunan Kano?"

Abdulganiyu ya sosa ƙeya ya ce wannan tambaya ta fi ƙarfin kujerarsa. Ya zaga da mu muka ga aikin da aka riga aka yi. Hotuna ne a jere a bango cikin gilasai masu kyau, kowanne da bayaninsa a ƙasa. Na farko an rubuta "Wani Titi". Na biyu, "Wani Titi Daban". Akwai wanda aka rubuta "Mutane a Tsaye", alhali biyu daga cikinsu a zaune suke. Na jinjina wa masana. Ba su yi wa kowa ƙarya ba, kuma a zamanin nan wannan ma aiki ne.

Abdulganiyu ya ce mu bar hoton, in sun dawo za a duba. Baba ya mayar da shi aljihu ya dafe da hannu. Ya ce, "Ɗana, abin da ya shiga ofis, jika ke zuwa karɓa, ni kuwa jikokina ba su yarda da hoton ba."

Abdulganiyu yaron kirki ne. Ya ɗauki hoton hoton da wayarsa, ya watsa a dandalin da matasa ke hira, ya ce mu jira mu gani. Kafin Baba ya gama shan ruwan da aka ba shi, amsoshi sun fara zuba. Wani ya ce Zariya ce. Wani ya rantse Katsina ce, har ya san jikan maɗinkin. Wani ya ce na'ura ce ta haɗa hoton. Wasu biyu kuma suka bar maganar hoto suka kama zagin juna a kan siyasa. Muka yi godiya muka fito da garuruwa biyu da faɗa ɗaya.

A bakin titi na ce, "Baba, me kake iya tunawa?"

Ya ce yana tuna rimin, yana tuna wani kududdufi a bayan gida inda suke kamun tarwaɗa, kuma in iska ta juyo ana jin warin majema. Na ce matambayi ba ya ɓata. Muka shiga cikin gari.

Jama'a, birni ya ci gaba. Duk inda muka tambayi rimi sai a ce an sare, an yi shaguna. Duk inda muka tambayi kududdufi sai a nuna mana rukunin kantuna. Wani mai shayi ya ce a daidai inda teburinsa yake a da kwale-kwale ke yawo. Na ce to ina ruwan ya koma? Ya ce ai tun da aka kore shi daga gidansa, duk damina a ɗakunan mutane yake kwana, shi ma ba shi da wurin zuwa. Soraye masu zankaye kuwa, wanda bai zama bulo ba ya zama fili, wanda ya zama fili an riga an yanka shi an raba wa masu rabo. Muka yi azahar a wani masallaci, Baba ya zauna a gefe. Na ga yana murza idon nan na dama.

Ya ce, "Basiru, mu koma gida. Wataƙila Sha'aban ne ke da gaskiya, ni na yi mafarkin abin."

Ban ji daɗin maganar ba, amma man bumburutu ya riga ya fara tari a cikin babur. Na ce bari mu yanke ta wani lungu mu huta da cunkoso. Mun sha kwana kenan, wani mai kura ya taho da jarkokin ruwa, na kauce masa ta dama, sai ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinmu.

Allah ya taƙaita. Ramin bai kai ƙugu ba, kuma shara da yashi sun yi masa katifa. Ni na bar fatar gwiwa, babur ya bar madubi, Baba kuwa ya sauka a zaune daram kamar an ajiye shi. Wata tsohuwa da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a gefe ta leƙo, ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Sannunku. Baƙi ne ku. 'Yan unguwa ta hagu suke bi."

Na miƙa wa Baba hannu in ɗago shi, ya ture hannuna. Daga inda yake zaune, kansa bai wuce tsayin ƙaramin yaro ba, kuma ya ƙura wa wani abu ido. Ginshiƙan siminti ne biyu a bakin ramin, sun yi baƙi, an manna musu hotunan 'yan takara har sun yi ƙiba. Rodi ya leƙo daga kansu, ɗaya a miƙe, ɗaya ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Baba ya zaro hotonsa, ya kai shi dab da idon dama, ya ɗaga kai, ya sake dubawa. Ni ma na karɓa na duba. Ƙugiyar nan tana cikin hoton, daidai inda take. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ya ce da tsohuwar, "Baiwar Allah, a nan an taɓa yin wani maɗinki, Malam Abba?"

Ta ajiye gwangwanin awo. Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Mai keken nan da ke kuka kamar kyanwa? Shi ya ɗinka min atamfar sallata ta fari." Ta karɓi hoton ta nisanta shi daga fuskarta. "Kai ne Dallatu? Wanda tunkiyar gidanmu ta bi ya faɗa ramin nan ya fasa haɓa?"

Baba ya ɗaga gemunsa ya nuna mata tabon.

Ta ce, "Ikon Allah. Ni ce Larai ta gidan Liman. Ka tafi ka yi shekara sittin, ka dawo ka faɗa inda ka tsaya."

Inna Larai ta ba mu tarihin ramin, muna cin gyaɗarta. Kwalbati ne aka fara tun tana yarinya. Ta ce duk wanda ya hau kujera sai ya zo da rumfa da makaɗa da sabon shebur ya aza harsashi, har harsasan sun hau kan juna. Akwai Mai Girman da ya zo ya yi kuka a bakin ramin, ya ce ba zai ƙara cin abinci ba sai an rufe shi. Ta ce ta gan shi a hoto daga baya, da alama ya yi kaffara.

Soron dai babu shi. Shagon cajin waya ne a wurin, rimin kuma ko kututturensa. Amma dakalin yana nan, rabinsa ya nutse a ƙasa, masu jiran caji na zama a kai. Suka matsa wa Baba. Ya zauna, ya shafa simintin da aka yaɓa masa, ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifinsa addu'a, muka shafa tare da Inna Larai da masu jiran waya. Ya daɗe yana kallon ƙofar shagon. Da na ga ruwa na bin gemunsa, sai ya ce maganin ɗigawa ne da ya sa da safe. Na ce haka ne, Baba, maganin nan yana da jinkirin aiki.

Kafin mu tashi, da ta ji labarin Malam Sha'aban, Inna Larai ta sa na ɗauki muryarta a waya. Da magariba na kunna a majalisa, kowa ya ji tana cewa a gaya wa wannan mutumin, Dallatu ɗan birni ne gaba da baya, ita ta goya shi. Malam Sha'aban ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula, ya zuba shayi ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya ce, "Na yarda ɗan birni ne. Amma a lura, a bakin rami aka haife shi." Baba ya yi dariya har da tari, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Saboda haka yau ban zo da ƙorafi ba, godiya na zo yi. Masu cewa manyanmu ba sa kula da tarihi su ji tsoron Allah. Rimi ya tafi, kududdufi ya tafi, soro ya tafi, abin da kawai ya tsaya a inda yake shi ne aikin da suka yi alkawari. Da wani mai gaggawa ya rufe ramin nan, da Baba ya koma gida da hoton kasuwa. Ina kuma ba kwamiti shawara, in masana sun dawo, kada su wahalar da kansu da duba gine-gine. Su duba gefen kowane hoto, in sun ga tulin yashi ko ginshiƙi ba rufi, su je, za su same shi yana jiransu.

Na yi niyyar faɗin sunan unguwar, sai na fasa, don kada wani Mai Girma ya karanta ya je ya gama aikin ya ɓata mana kayan tarihi. Na gaya wa Maijidda wannan fargaba tawa tana shafa min man zafi a gwiwa. Ta ce, "Malam, rubuta sunan har da kwatance. Babu abin da zai samu ramin nan."