Yadda Za Ka Mai Da Zuriyar Surukanka XML

Ni ne Arzika mai shagon kwamfuta a bakin tashar Tambuwal. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari sunanka zai zaga dangin matarka kaf cikin mako guda. Na gwada a kaina, kuma ya zaga.

1. Karɓi aikin kafin ka san ko mene ne

Surukinka, Malam Ɗan'iya na Fakku, zai aiko a kira ka. Ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ka durƙusa. Zai miƙo maka tsohon littafin da ya rubuta sunayen zuriyarsu da ajami, mutum ɗari uku da sha biyu, kowa da sunan ubansa. Ɗansa Abdulƙadir, wanda ke aiki a Sakkwato, yana so ya sa su a intanet, ya kuma ce sai an mai da su XML.

Malam zai ce, "Arzika, ka san wanga abu da yaron ga ka faɗi?"

Ka ce, "Allah gafarta Malam, da shi muka karya kumallo."

Ba ka taɓa jin sunansa ba. Ba komai. Ilimi yakan biyo baya, kamar ƙurar babur.

2. Buga sunayen, ka jera su

Kowane mutum layi ɗaya: suna, waƙafi, sunan uba, waƙafi, gari. Kwana tara zai ci. In ka gama, ka umarci kwamfuta ta jera su daga A zuwa Z don aikin ya yi kama da na ma'aikata. Abdulƙadir zai hau can sama, matarka Zahara'u ta koma can ƙasa. Kada ka gaya mata.

3. Rubuta sikirif

Sikirif ɗan umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta ta yi wahalar a madadinka. XML kuwa gida ne mai ɗakuna: a buɗe wa mutum ƙofa, a sa shi ciki da bayanansa, a rufe, sannan a buɗe wa na gaba. Ka kwafo sikirif ɗin wani daga intanet. Layin ƙarshe ba zai yi maka kyau a ido ba, ka goge shi. Masana sun tabbatar cewa layin ƙarshe ado ne kawai.

Za ka ga Ɗ da ƙ sun rikiɗe sun zama alamar tambaya, surukinka ya koma ?an'iya. Bar shi. Ai malami ne, kullum cikin amsa tambaya yake.

In kwamfuta ta yi ƙorafin cewa ba a rufe ƙofofi ba, ka tattara su ka rufe gaba ɗaya a ƙarshen fayil. Za ta yi shiru.

4. Kai sakamako ranar taron dangi

Washegarin Babbar Sallah dangi za su cika zauren Malam, daga Dogon Daji har Kebbe. Abdulƙadir zai buɗe kwamfutarsa, ya gyara hula, ya fara karantawa ba tare da ya duba a gida ba.

Nan za ka fahimci aikin layin da ka goge. Shi ne mai rufe wa kowa ɗakinsa. Tunda babu shi, kowane mutum ya faɗa cikin ɗakin wanda ke samansa, kwamfuta kuma ta ɗauke shi ɗansa. Abdulƙadir ya haifi Almu, Almu ya haifi Atiku, haka dai har ƙasa. Inna Marka, 'yar shekara tamanin da bakwai, ta zama jikar jikarta. Malam da kansa ya fito jika na arba'in da fuɗu ga ɗan cikinsa.

Sai Inna Marka ta ɗaga murya daga bayan labule: "Wa anka ce ya haife ni?"

5. Yi shiru, ka kalli tabarma

Kowa zai juya kan Abdulƙadir. Kawu Namadi zai miƙe yana nuna shi da sanda: "Tun da yat tafi Sakkwato ni san sarautar gidan ga shika nema! Yanzu ya sa inji ya naɗa shi kakanmu!" Abdulƙadir zai yi ta rantsuwa cewa ƙofofin cikin fayil ne aka bari a buɗe, ba mai saurare. Malam zai ce kada ya ƙara taka zauren nan sai ya tuba.

Kai dai ka girgiza kai cikin alhini. Ka ce, "Zamani ke nan."

6. Kada ka haɗa ido da matarka

Wannan matakin ne ya kayar da ni. Muna kan babur, ko Kebbe ba mu kai ba, Zahara'u ta ce in tsaya.

"Maigida, ƙofar awaki ba ka rufewa. Randar ruwa ba ka rufewa. Ni za a ce wa Yaya Abdulƙadir na yab bar ƙofa ɗari uku buɗe? Juya mu koma, ko ka tafi Tambuwal kai ɗai."

Na juya.

7. Durƙusa ka faɗi gaskiya

Na faɗa wa Malam komai a gaban dangi. Sai Malam ya kira Abdulƙadir, ya zaunar da shi kusa da shi, ya ba shi haƙuri. Ni kuma ya ce, "Inji ba shi da laifi, abin da anka koya mai shika yi. Kai na ba ka san mu ba. Kowace Juma'a ka taho, ka hardace zuriyar ga da ka, daga kakanmu har jinjirin bana."

Gyaran sikirif ɗin minti biyu ya ɗauke ni. Hardar kuwa yau wata bakwai.

Tsame hannu

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ya haifi surukinsa, ko aka hana shi tuwo a gidansu matarsa, babu ruwan marubuci. Kada a zo shagona da ƙorafi ran Juma'a, ina Fakku, durƙushe. Inna Marka ce ke karɓar hardar, kuma in na yi kuskure ɗaya, daga farko muke komawa.