Ranar da Na Tsufa a Cikin Bas

A cikin bas, daga unguwar Treichville, na buɗe sakamakon gwajin jinina. Lambar sinadarin haihuwa ta haura, ta doshi layin matan da al'ada ta ɗauke musu. Ni da na yi kwaleji, Faransanci a bakina kamar ruwa, wa zan tsaya tambaya? Kafin mu kai Adjamé na yanke wa kaina hukunci: na tsufa ina da shekara ashirin da uku, ko ɓari ban taɓa yi ba.

Maigida yana Nijar sarin albasa. Ban gaya wa kowa ba. Na kulle kaina a ɗaki, in yi kuka, in tashi in nemi furfura a madubi.

Da na koma asibiti, na ce wa ungozomar da ta tura ni gwajin na tsufa, ta duba takardar, ta dube ni.

"Ba cewa na yi ki zo a farkon al'adarki ba?"

"Mama, kunya na ji. Mai ɗibar jinin namiji ne, ɗan unguwarmu. Sai na bari na yi tsarki, na ƙara mako."

Ta yi dariya har da hawaye. "Lokacin fitar ƙwai kenan, dole lamba ta hau! Ba tsufa ba ne, 'yata, za a sake gwajin."

Da na fito, ta ɗaga murya a bayana: "Ku ba Kaka hanya!"

Har yau ko a kasuwa muka haɗu, sai ta tambaye ni jikoki.