Rasuwar Siririya, Sandar Fatsar Tsuneo Hiraga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ake sanar da 'yan Ƙungiyar Masunta ta Gaɓar Yamma rasuwar Siririya, sandar fatsar dattijo Tsuneo Hiraga. Ba labari ake ba ku ba. Ku ashirin da uku kuna tsaye a bakin tafki sa'ad da ta cika, kuma kowannenku ya zaɓi ya kalli takalminsa.

Marigayiya ta shekara goma sha ɗaya a hannun maigidanta. Tsuneo ya yi shekara talatin yana riƙe da injin goge ƙarfe a masana'anta, har yatsunsa suka daina jin komai. Maɓallin riga ma matarsa Mitsue ce take sa masa. Shi kuwa kamun kifi da tsutsar roba aikin yatsa ne. Tsutsar ba ta da nauyi, kifi yana tsotsarta a hankali a ƙasan ruwa, wanda bai ji wannan taɓin ba har ya tashi bai san an zo ba. Tsuneo ya gwada sanduna sun fi ashirin. Masu kauri sun kasa jefa tsutsar, masu laushi sun haɗiye taɓin kafin ya iso hannu. Sai tsoho Shibasaki maƙerin sanduna, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ya ƙera masa wannan: kanta siriri mai saurin lanƙwasa, gindinta tsayayye, mariƙinta an fere shi har tafin hannu yana kan jikin sandar kai tsaye.

Ranar da ya fara jefa ta, ya dawo gida yana rawar jiki. "Mitsue, na ji! Yashi daban, ciyawa daban, bakin kifi daban!"

"To madalla," in ji ta. "Ni shekara arba'in ina magana ba ka ji ba, sanda ta yi maka raɗa sau ɗaya ka ji."

An shaidi marigayiya da haƙuri da ƙarancin surutu. In an jefa ta, "fiu" kawai take cewa. Ba ta taɓa yi wa maigidanta ƙaryar kifi alhali ciyawa ce ba. Abu ɗaya ta roƙa a rayuwarta, kuma yana rubuce a jikinta da farin fenti: kada a ɗora mata abin da ya wuce giram bakwai.

Jinyarta ba ta kai minti biyu ba. Kun san al'adarmu ta ranar buɗe kamu: shugaban ƙungiya ne yake jifan farko, da sandar wanda ya ga damar karramawa, kuma ba a cewa a'a. Bana shugaba Okonogi ya nuna Siririya.

"Hiraga, kawo amaryar nan taka da kake ɓoyewa, mu ga ko ta iya gaisuwa."

Aka yi dariya. Tsuneo ya miƙa ta da hannu biyu. Shugaba ya kwance tsutsar roba, ya zaro kifin ƙarfensa na sa'a da yake yaudarar kifi da shi, mai giram arba'in, ya ɗaura. Babu wanda bai ga kan sandar ya sunkuya tun ba a ɗaga ta ba. Tsuneo ya buɗe baki ya ce, "Shugaba, ko da..." sai ya waiga yana neman ido ɗaya da zai tsaya masa. Bai samu ba. A cikinku akwai mai shagon kayan kamu, akwai masu koya wa baƙi yadda ake zaɓen sanda. Duk kun iya karanta lamba.

Shugaba ya yi jifa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Abin da ya biyo baya ya fi mutuwar ciwo. Tsuneo ne ya rusuna. "A gafarce ni, Shugaba, sandata ce ta tsufa. Na ɓata muku rana." Shugaba ya dafa kafaɗarsa ya ce ba komai, aka buɗe dunƙulen shinkafa da shayi, aka ci. Kuna kiran wannan ladabi. Wane irin ladabi ne yake sa a karya wa mutum abin da yake ji da shi, sa'an nan a tsaya a karɓi ban-haƙurinsa?

Marigayiya ta bar na'urar naɗe zare guda ɗaya, da tsutsotsin roba da ba a san adadinsu ba, da doguwar jakar da Mitsue ta ɗinka mata tana mita. Ta kuma bar maigidanta, wanda yau kwana tara bai leƙa tafki ba. Mitsue ta ce wuni yake a bakin taga. Da ta ce masa, "Tsoho, tashi mu je a nemo wata," sai ya juya tafin hannunsa ya duba. "Ki bari. Hannun ya daɗe da mutuwa, ita ce take rufa masa asiri. Ni ne na miƙa ta."

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, a haikalin kan tudu, inda aka saba sallamar kayan aikin da suka gama hidima, da turare da wuta. Ba a buƙatar furanni. Bayan addu'a za a ajiye takardar neman soke jifan farko a ƙofar haikali, shugaba yana zaune, kowa ya sa hatiminsa a gabansa.

Amma ku san wannan: Tsuneo ya faɗa wa matarsa cewa zai haɗa sandar da na'urar naɗi da tsutsotsin da katinsa na ƙungiya, duka ya jefa cikin wuta, ya huta. Ta roƙe shi, bai saurara ba, domin har yanzu ya ɗauka laifinsa ne. Babu mai raba shi da wannan tunani sai wanda ya gani. Kai da kake karanta wannan, ka gani. Ka zo ranar Lahadi, ka tsaya tsakaninsa da wutar, ka faɗa masa da ƙarfi, shugaba yana ji, abin da ya karya sandarsa.