Abin da Aka Binne Bayan Rumbu

Wani ne a Madarumfa, mai lambu a bakin tafki. Salat da tumatir yake nomawa, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Sai ya fara neman auren wata budurwa 'yar Gabi, sunanta Sakina. Ita kuwa mayyar labaran bincike ce, irin littattafan nan da ake karantawa a saka a salula. Ta tura masa guda ɗaya. Shi ke nan, mutum ya lalace.

Kun dai san irinsu. Gida ne babba, kowa na fara'a, ashe an taɓa kashe wani a ciki shekarun baya, an binne maganar. Sai wani ɗa ya taso ya ce sai ya tono. A ambaci wani suna, tsohuwa ta saki kwano. A ƙarshe a taru a tsakar gida a faɗi gaskiya, a sha kuka, a yafi juna. Daɗinsu ke nan, kana zaune lafiya kana leƙen tashin hankalin gidan wasu.

Mutuminku yana ban ruwa yana saurare. Ruwa ya cika lambunsa ya tsallaka na maƙwabci, bai sani ba.

Ran nan ya je zance. Sakina ta ce, "Ni walle jarumin nan ya burge ni. Namiji mai ciwo cikin rai, wanda gidansu ke da abin ɓoyo. Ku hwa, mi kunka ɓoye gidanku?"

Ya yi tunani, ya yi tunani. Ya ce, "Ba komi."

"Ko ɗan kaɗan?"

"Ko ɗan kaɗan."

Ta dube shi da tausayi ta ce, "Ayya."

Wannan ayya ta soke shi har ƙashi. Tun kan hanya ya rantse sai ya samo asiri a gidansu, in ba haka ba wani mai ciwo cikin rai ya yi gaba da Sakina.

Ya tarar da innarsa tana tuƙa tuwo. Ya tsuguna ya ƙura mata ido, yadda mai binciken cikin labari ke yi.

"Inna, Baba da ya rasu, mi ya kashe shi?"

"Kwana ya ƙare."

"Wa ke wurin?"

"Kai. Kai ka ɗebo ruwan wanka."

"To wanga tabo na hannunki hwa?"

"Man ƙosai."

"Wa ya watsa miki?"

"Ƙosan."

Bai karaya ba. Ya ce bari ya gwada dabarar sunaye. Ya ja numfashi ya ce, "Adamu!" Inna tana tuƙi. "Zahara'u!" Inna tana tuƙi. "Sama'ila!"

Daidai nan tuwo ya yi tsalle ya ɗige mata a yatsa, ta saki muciya.

Murna ta kama mutuminku. Sama'ila ƙanin mahaifinsa ne, tsoho mai saƙar tabarma a zaure. Ya same shi ya tsaya masa a kai.

"Baffa, ina kake ranar nan?"

"Wace rana?"

"Kai ka san ranar."

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ka riƙa sa malfa in za ka lambu. Rana ba ta da kyau."

Daga nan ya shiga sa ido. Sai ya lura da wani wuri bayan rumbu, ƙasar ta ɗan lotsa, ciyawa ta yi kore shar. Ba a ɗaure akuya a wurin. Atika matar wansa in ta ɗauko shanya sai ta kewaye. Ko kaji in sun nufi can sai Inna ta kore su.

"Inna, mi ke bayan rumbu?"

Akushi na gabanta, ta kai loma baki. Ta yamutsa fuska ta ce, "Ina cin abinci za ka sa ni wagga magana? Kada in ga ƙahwarka wurin. Sama'ila ya ruhe shi da hannunshi tun kana goye."

Mutuminku ya koma ɗaki yana murna. Ashe su ma 'yan babban gida ne!

Ana nan, sai ga kawunnan Sakina biyu daga Gabi. Wai kasuwa suka ci suka biyo gaisuwa, amma kowa ya san bincike ya kawo su, su ga irin gidan da za su ba 'yarsu. Aka shigo da su su gaida Inna. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura. Baffa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Hira ta yi daɗi, har babban kawun ya fara cewa, "Alhamdulillahi, gida dai mun gani, gidan mutunci..."

Sai ga angon gobe ya fito da dagi a kafaɗa.

"Kowa shi zamna inda yake! Gara da Allah ya kawo baƙi, su zama shaida."

Baffa ya ce, "Kai, lahiya?"

"Lahiyar ke nan. Yau gidan ga za shi huskanci abin da ya gudu ya bari. Za mu yi kuka, amma daga baya za mu yahe ma juna. Baffa, ni tun yanzu na yahe maka."

"Ka yahe mini mi?"

Mutuminku ya nufi bayan rumbu. Inna ta miƙe tana salati.

"Kada ka taka wurin nan! Don Allah ku riƙe shi!"

Ya waigo ya kalli kawunnai ya ce, "Kun ji ko? Haka suke cewa kullum."

Ya hau tsakiyar wurin. Ya ɗaga dagi da hannu biyu ya kafta. Ya sake kaftawa. Ƙasa ta ce ruf, mutum ya shige har ƙirji.

Tsohon masai ne.

Kaji suka watse. Atika ta ruga ɗaki da gyale a hanci. Ƙaramin kawun ya ajiye ludayin fura a hankali, ya ture ƙwaryar can gefe. Shi kuwa mutuminku, kai da hannuwa kawai ake gani, har yanzu bai saki maganar ba.

"Baffa, gaskiya dai ta hito!"

Baffa ya toshe hanci da hannun riga ya ce, "Ta hito, ɗana. Har unguwa ta ji ta."

Babban kawun ya miƙe yana laluben takalmi. Ya dubi Inna ya ce, "Inna, tsakani da Allah, mu dai amana ta kawo mu. Akwai abin da kuke ɓoyewa gidan ga?"

Inna ta kalli ɗanta a cikin ramin ta ce, "Abu guda munka so ɓoye muku har a ɗaura aure. Ga shi can cikin rami."