Ranar da Na Ce a Ɗaga Murya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa a Kaura Namoda ba, ranar da na tafi koyar da tarbiyya na dawo da kunya cike da aljihu.

Shekara talatin na yi ina koyarwa a Zurmi, goman ƙarshe ina hedimasta. Tun da na yi ritaya ba ni da aikin da ya wuce kukan lalacewar yaran zamani. A majalisarmu ta bakin masallaci, da an ce “yaran yanzu” kowa sai ya juyo ya dube ni, don an san karatun nawa ne.

To, sai basir ya sa ni gaba. (Ku yi haƙuri, dole in ambaci sunansa, in ba haka ba labarin ba zai tafi ba.) Likita ya rubuta mini magani. Akwai kemis a Zurmi, amma mai shi ɗalibina ne, matarsa kuma ƙawar ɗiyata. Don haka na shiga mota har Kaura, inda nake zaton ba wanda ya san ni.

Shagon da na shiga cike yake. Ga wani Bafulatani da sandarsa, ga wata tsohuwa zaune kan benci, ga mata biyu da goyo. Bayan kantar shagon kuma wata yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin ba. Na yi sallama na miƙa takarda.

“Sannu, Baba,” ta ce. Shi ke nan! Ba ina gajiya, ba ya iyali, ba ya damina. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai ta shiga latsa waya. (Daga baya na gane maigidan shagon take tambaya ko wanda ke gare su daidai ne da abin da likita ya rubuta.) Ni kuwa raina ya soma tafasa.

Ta ɗauko wasu ’yan ƙwayoyi dogaye masu kama da harsashi, ta turo mini su a ƙarƙashin tafin hannunta, kamar mai sayar da kayan sata.

Na ce, “Sau nawa zan sha?”

Ta matso ta yi wata magana can ƙasa-ƙasa. Kunnena na hagu dama ya daɗe da yin ritaya, ya riga ni ma.

“Mi kika ce?”

“Baba, bari in rubuta maka a takarda.”

Nan hedimastan da ke cikina ya farka. Na gyara tsayuwa na fuskanci jama’a kamar ranar taron iyaye. Na ce a zamaninmu mai shago sai ya fito ya gaishe ka, ya ba ka wurin zama, ya tambayi gida da gona, sannan ya yi maka bayani dalla-dalla. Na ce yanzu an bar mu da yara masu magana da waya, ba su magana da mutane. Tsohuwar nan tana ta gyaɗa kai, abin da ya ƙara mini ƙarfi ke nan.

Ana cikin haka sai na ji an ce, “A’a! Malam Hedimasta!” Ashe Lawali ne, tsohon ɗalibina, ɗan kabu-kabu, gidansu na bayan namu a Zurmi. Mai hankali da nan zai yi shiru. Ni sai na ga na samu shaida.

“Yawwa, Lawali, zo ka gani. Yarinya, ki ɗaga murya ki yi mini bayani yadda kowa zai ji. Haka aka koya mana.”

“Baba, don Allah…”

“Na ce ki faɗa!”

Ta runtse ido, ta ce da murya tangaran, “Baba, ba sha ake yi ba. Na basir ne. Cusawa ake yi ta baya, safe da yamma, bayan ka yi tsarki.”

Bafulatanin ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano. Lawali ya kama wani tari wanda ni da shi duk mun san ba tari ba ne. Sai tsohuwar, cikin tausayi na gaskiya, ta ce, “Allah shi ba ka lahiya, Malam. Marigayi maigidana ya yi fama da shi. Ka rage yaji.”

Yarinyar ta naɗe maganin a baƙar leda har biyu, ta zagayo, ta rusuna ta miƙo mini da hannu biyu. “Ka yi haƙuri, Baba.” Idonta ya ciko, kamar ita ce aka tona wa asiri. Na so in ce ni ya kamata in ba da haƙuri, amma sai na karɓi ledata na nufi ƙofa.

A ƙofa Lawali ya ce zai kai ni tasha. “Hau, Malam. A hankali zan bi, saboda ramuka.”

Maganin dai ya yi aiki, alhamdulillahi. Ni ma na gyaru: yanzu in yaro ya yi ƙasa da murya a gabana, ba na tambayar wa ya rene shi. Kunnen dama nake miƙa masa, in kama bakina.