Lambun Malam Sallau

Malam Sallau mutum ne da ba ya son a riga shi komai a unguwa. Da ya ga yadda ake jera furanni a teburin otal, sai ya dawo gida ya shuka ɗoɗɗoya, wai shi ma zai riƙa yanko furenta yana ƙawata falo. Tasa ta bushe ƙamas. Ta maƙwabciyarsa Iya Talatu kuwa har leƙowa take ta kan katanga. To mutum ya zauna yana kallo? Kullum da sassafe sai ya taka turmi da almakashi, ya yanko furen, ya tsoma a kofin gilashi. Duk baƙon da ya yaba, sai Sallau ya ce ai hannu ne.

Ran nan surukinsa ya zo daga Kafanchan. Dattijo ya sunsuna kofin ya ce, "Kai, madalla! Anjima ka zagaya da ni in ga lambun."

Dattijo bai rufe baki ba sai ga sallamar Iya Talatu daga bakin ƙofa. Idonta na kan kofin.

Nan take Sallau ya ɓata rai, ya riga ta.

"Yauwa Iya, gara da kika zo. Ƙamshin ɗoɗɗoyarki kullum sai ya tsallako mini gida ba sallama. Na taɓa kai ƙara wajen mai unguwa? Haƙuri kawai nake yi saboda zaman tare."

"Allah ya ba da ladan haƙuri, ɗan nan," in ji Iya. "Ni ba faɗa ya kawo ni ba, godiya na zo yi. Tun da kake yanke furen nan ganye ke ta ninkuwa, miyata ba ta taɓa daɗi haka ba. Sai dai na gefen rijiya hannunka ba ya kaiwa. Gobe ka biyo ta ƙofa, kar turmin nan ya kayar da kai."

Surukin ya ajiye kofin a hankali.

"Sallau, ashe lambun ba naka ba ne?"

Sallau ya gyara zaman hularsa.

"Nawa ne mana, Baba. Ban-ruwa kawai na bar mata."