Ranar da na saka mabiyiya a firigo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Litinin da na so ƙasa ta tsage in shige, ina sanye da farar riga kamar wadda ta san abin da take yi.

Shekara huɗu na yi ina aikin rigakafi a ƙauyukan Agiye, kuma darasi ɗaya ya zauna mini a ka: zafi ne maƙiyi. Allura ta ji rana, ta mutu. Don haka da aka tura ni koyon aiki wani babban labo, wato ɗakin binciken kimiyya, a ƙasar waje, na tafi da wannan ilimi ina ji da kaina.

Shugabarmu, wata dattijuwa da muke kira Madam, tana rainon ƙwayoyin halitta da ake cirowa daga mabiyiya, irin waɗanda kan iya rikiɗa su zama ƙashi ko kitse. Wata biyu tana lallaɓa su a kwalabe shida. Ta ce da su za a gwada ni, in na iya a bar ni in ƙarasa shekarar, in na kasa in koma gida. Ta yi ta bayani a kan ɗumi da iskar da suke so, ni kuwa ina ta gyaɗa kai (ban fahimci ko rabi ba, amma 'yar Agiye ba ta nuna gazawa a bainar jama'a).

Ranar Juma'a da yamma na buɗe akwatin da suke ciki, ɗumi ya bugi fuskata. Tausayi ya kama ni. Kwana biyu a wannan zafi ba mai duba su? Na kwashe kwalaben nan kaf na jera a firigo don su sha sanyi, har da rubuta takarda na manna: "Na cece su." Da sa hannu!

Litinin Madam ta karanta takardar a gaban kowa. Ta leƙa madubin ƙara girma ta daɗe, sannan ta ce in zo in gani. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a da duk sun dunƙule suna yawo a ruwa, sun mutu. Na fara lissafin abin da zan faɗa wa mahaifina a tasha.

Ba ta kore ni ba. Ta ce, "Kin kashe su ne da kulawa, kuma kulawa ce ban iya koya wa mutum. Sauran zan koya miki." Ta narko wasu da aka daskarar ta hanya ta musamman a ajiya muka sake farawa. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a.

Da na dawo hutu na ba kakata labarin a garin Cadawa, ita da ta shekara arba'in tana ungozomanci. Ta yi dariya har da hawaye.

"Ke ɗiyar nan, abin da ya hito cikin mutum shi za ki kai ma sanyi? Don mi kike gani muna hura ma mai jego wuta?"

Tun daga ranar, in ban gane magana ba, na daina gyaɗa kai. Kuma ko abin kirki na yi, ba na saurin sa hannu.